Ƙarshen Littafin Goggo Litiana

Tabua yana kan tabarma, ba wanda ya taɓa shi.

Vasemaca ta leƙo ta bayan labule. Dangin Semesa ne suka zo neman aurenta da wannan haƙori na babban kifin teku, mai igiyar ɓawon kwakwa. In Babanta ya ɗaga igiyar, an ba da ita ke nan. In jirgin ruwan da Semesa yake wa aiki ya tashi ba a ɗaga ba, magana ta mutu.

Baba kuwa yayarsa yake kallo, Goggo Litiana. Ita ke yanke magana a gidan.

"Kai ne mai kwaso mata littattafai daga birnin Suva?" in ji Goggo, tana duban Semesa da ke zaune cikin danginsa.

"Ni ne, Mama."

"Kelera ta ce na lalata tarbiyya ne."

Kelera, 'yar maƙwabta da ta daɗe tana harin Semesa, ta sunkuyar da kai tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba.

"Tsofaffin labarai ne, Mama, sun girmi kakana," in ji Semesa.

"To, wanne ka ce mata ya fi?"

Semesa ya gyara zama.

"Na matar da ta ƙi mai garken tumaki... ta bi gurgu mai gyaran agogo."

Mahucin da ke hannun Goggo ya tsaya cak.

Vasemaca ta san dalili. Goggo tana da littafin a akwati, ba ƙarshe. Wata shekara da jirgi ya daɗe bai zo ba, marigayi mijinta ya rasa takardar naɗa taba, ya riƙa yagar shafuka daga baya, a ganinsa can ne ba a kai ba tukuna. Har ya rasu yana cewa bai taɓa shan hayaki mai daɗin wannan ba, lalle labarin ya ƙare lafiya.

"Ta aure shi?" Muryar Goggo ta yi ƙasa.

"Mama, ki gafarce ni. Ba na faɗa wa mutum ƙarshen littafi."

Kawun Semesa ya dafe kai. Daga bakin teku jirgi ya busa ƙaho.

"Ka ji ɗan nema," in ji Goggo. "A gidana, kana neman 'yata, kana min rowar magana? Ku ɗauki abinku."

A al'ada, budurwa ba ta shiga zaman tabua. Amma Vasemaca ta ɗage labule, ta rarrafo kan gwiwoyinta har gaban Goggo, ta ajiye littafi mai kauri.

"Ga shi cikakke, Goggona. Ni ma roƙonsa na yi har da kuka, ya ƙi. Da na kai shafin ƙarshe sai na gode masa." Hawaye ya zubo mata. "Idonki ya yi rauni... ni zan karanta miki."

Goggo ta juya littafin, ta shafa shafukan baya da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba lafiyar jariri.

Jirgi ya sake busa ƙaho.

"Kai mai taurin kai, kana shan taba?"

"Ba na sha, Mama."

Ta dubi ƙanenta.

"Ɗaga igiyar, Viliame, kada jirgi ya bar yaron mutane." Ta kama hannun Vasemaca ta zaunar da ita kusa da ita. "Ke kuma daga farko za ki soma. Kuma kada ki yi sauri."