Awarwaron Mashkura

Gwaggo Indo ta rufe firij, ta juyo riƙe da wani abu mai kama da biro.

"Ruwan sanyi na zo nema, sai na ga wannan a bayan robar zoɓo. Mashkura, a Abuja har biro ake sa wa a firij?"

Gwaggo Indo ƙanwar mahaifin ango Manniru ce, ita ta jagoranci kawo lefe daga Katsina, ɗaurin aure saura wata guda.

"Allura ce, Gwaggo... ta bitamin..."

Tsohuwar ta ƙura wa ƙasusuwan wuyanta ido.

"Yarinyar da aka nuna mini a hoto bara, ita kaɗai ta cika kujera. Ke kuwa mayafi ma ya yi miki nauyi. Wane ciwo ake ɓoye mana?"

Manniru mai gyaran sikeli ne a Gwarinpa, daga na auna zinariya har na auna buhu. Can suka haɗu, ranar da ta kai masa sikelin fulawar mahaifiyarta. Ya ce fuskarta kamar wata ɗan daren sha huɗu, daga nan ya koma kiranta Farin Wata. Da ya sayo mata awarwaron azurfa, sai da ta shafa sabulu kafin ya shiga hannunta. Ya yi ta dariya.

"Shi ke nan, ya shiga. Ni da shi babu mai fita."

Nafeesa ce ta ɓata wannan dariyar. 'Yar kawunsa ce, kuma ofishinsu ɗaya da Mashkura a ma'aikata.

"Kin san Yaya Manniru da kunya, ba zai faɗa miki ba. Amma ya ce min hotunan biki yake tunani... abokansa sun fara tsokanarsa, wai da sikelin buhu zai auna amarya."

Mashkura ta yini tana kuka a banɗakin ofis. Washegari ta tafi asibiti. Likitar ta auna ta, ta duba jininta, sannan ta rubuta mata allurar rage ƙiba sau ɗaya a mako, da ta bitamin don kada ƙarfinta ya tafi.

"A hankali za mu bi," in ji likitar. "Kada ki ƙara ko ɗigo. Kuma ki sanar da wanda za ki aura."

Ba ta sanar ba. Da Nafeesa ta ce biki ba ya jiran a hankali, sai Mashkura ta ninka allurar. Ƙanshin miya ya koma tayar mata da zuciya. Tela ya rage mata kaya sau uku. Awarwaron ya fara yawo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, har wata rana ta neme shi ta rasa.

Sau uku Manniru yana tambayarta.

"Farin Wata, ina kike tafiya ne? Kullum na zo sai in ga an rage mini ke. Akwai maganin da kike amfani da shi?"

"Wallahi babu. Aiki ne kawai."

Ya yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Shi ya sa da raɗe-raɗi ya kai Katsina cewa amarya na da mugun ciwo, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ko ƙwaya ɗaya Mashkura ba ta amfani da ita.

Yanzu kuwa ga allura a hannun Gwaggo.

Mahaifiyar Mashkura ta kawo takardar gwajin aure, komai lafiya. Gwaggo ko karɓa ba ta yi ba.

"Takarda a garin nan? Na ji har ta haihuwa ana buga wa mutum sabuwa. Mu ido muka sani."

Aka mayar da akwatunan lefe cikin mota kafin la'asar.

Bayan kwana huɗu Manniru ya zo da rana tsaka. Leɓɓansa a bushe. Ta kawo masa ruwa, ya girgiza kai.

"Azumi nake. Malam ya ce babu kaffara a kaina tunda ban sani ba. Ni dai na kasa cin abinci, sai na ce gara in yi."

"Manniru, lafiyata ƙalau, zan kai ka wajen likitar..."

"Na sani. Ko da ciwon ne, da na aure ki a haka."

"To me ya rage?"

"Hajiyarmu ta ce na dafa Littafi a kan ƙarya saboda mace. Ta ce in na sake furta sunanki a gidanta, ba ta yafe mini nononta ba."

Mashkura ta zame ƙasa.

"Don kai na yi, masoyina... Nafeesa ta ce kana jin kunyata..."

Ya dube ta, idanunsa jawur.

"Ni? Shekara goma sha biyu ina auna kayan mutane. Ke kaɗai ce abin da na gani ban so a rage ko a ƙara ba. Me ya hana ki tambaye ni, Farin Wata? Tambaya ɗaya fa."

Ya ciro awarwaron daga aljihu ya ajiye a kan kujera.

"A ƙarƙashin kujerar motata na tsince shi tun watan jiya. Ina jira ne ki ce mini ya faɗi."

Ya fita.

Likitar ta yi wa Mashkura faɗa, ta janye mata allurar sannu a hankali. Cin abinci ya dawo. Kumatu suka dawo. Maƙwabta suka yi ta barka, wai ta warke.

Bayan wata takwas katin biki ya zagaya ofis: Manniru da Nafeesa, zaɓin Hajiya. Ranar Asabar ɗin bikin, Mashkura ta shiga banɗaki da niyyar cire awarwaron, wanda ta mayar hannunta tun ranar da ya ajiye shi. Ta shafa sabulu. Ta ja har fatar ta yi ja. Ta ƙara sabulu, ta sake ja.

Mahaifiyarta ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mashkura, lafiya kika daɗe haka?"

Ta zauna a bakin baho, kumfa na ɗiga daga yatsunta.

"Mama... ya ƙi fita."