Yawon Buɗe Ido a Bolar Barunde

Ranar wata Laraba, saura kamar minti ashirin a kira Magariba, Hamman mai acaɓa ya sauke ni a bakin kwarin nan na bayan Barunde, inda mutanen unguwa ke zubar da shara. Ina riƙe da filas ɗin shayin matata, da tsohuwar tukunya a cikin leda, da wayata. Na sa rigar sanyi mai hula, alhali watan Afrilu ne, garin kamar an kifa mana kasko.

Bari in gaya muku abin da ya kai ni. Sunana Zulkifilu, takalman gwanjo nake sayarwa a Kasuwar Gombe, kuma duk layinmu an san ni da tsokana. Shekarata arba'in da shida amma ban daina ba. Maƙwabcin shagona shi ne Baba Elias, tsohon malamin firamare da ya koma sayar da jakunkuna bayan ya yi ritaya. 'Yarsa Olivia nas ce a Turai, ita ta ɗauke shi hutu zuwa wani tsibiri a tsakiyar Tekun Atlantika, mai duwatsun aman wuta. Sunan wurin harshena bai taɓa kama shi daidai ba. Sati biyu ya yi a can. Mu kuma muka yi wata biyu muna shan labari.

Kullum da safe sai ya turo saƙon murya a guruf ɗinmu na 'yan layi, kamar dukanmu biza ce a aljihunmu.

"In za ku je, ku tafi da rigar sanyi, don a yini ɗaya sai a yi rana, a yi ruwa, a yi hazo. Ku sa takalmi rufaffe, baƙin dutsen nan yanka ƙafa yake kamar reza. Kada ku shiga tafkin ruwan zafi da farin kaya, ruwan kalar tsatsa ne, ba ya fita. In za ku shiga jirgin ruwa kallon manyan kifayen nan masu girman tirela, kada ku cika ciki."

Abin da ya fi ji da shi kuwa, tukunyar ƙasa. Wai akwai inda ƙasa ke huci, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A nan ake binne tukunyar nama da kabeji tun da safe, ba itace ba gawayi, bayan awa shida a tono ta ta dahu luguf.

"Amma ku Musulmi ku tambaya kafin ku ci," in ji shi, "suna sa naman alade."

Na ce, "Baba Elias, ƙasa mai hayaƙi da warin ƙwai ai muna da ita a Barunde. Me ya kai ka hawa jirgi?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni kuwa a nan dabara ta faɗo mini: zan je bolar, in ɗauki bidiyo ina ba da nawa shawarwarin, in tura guruf.

Hamman ya dubi kwarin, ya dubi sama. "Sobajo, abokina, ka bari sai gobe da safe mana. Bola ce fa, ga Magariba."

"Da safe hayaƙin ba ya fitowa a hoto. Zo ka riƙe mini waya."

"Ni? Ko mataki ɗaya. Ina nan kan babur, in ka wuce minti goma na tafi masallaci."

Na gangara ni kaɗai.

Na san bola, amma ban taɓa shiga cikinta ba. Daga sama wari ɗaya kake ji. A ciki kuwa kowane taki da nasa. Nan ruɓaɓɓen tumatir, can kayan cikin kaji, gaba kaɗan famfas na jarirai sun kumbura sun fashe. Akwai mushen akuya da cikinta ya buɗe, tsutsotsi na motsi a ciki kamar shinkafa na tafasa. Ƙarƙashin wannan duka wuta ce ke ci a hankali, ba a ganinta, sai hayaƙi mai kauri da ƙaurin roba. Ƙasar ba ƙasa ba ce, laushi gare ta, in ka taka sai wani baƙin ruwa ya tsattsafo ta gefen takalmi. Ƙudaje suka yi mini maraba, ɗaya har cikin hanci.

Na daure, don na riga na hango dariyar da za a yi a kasuwa.

Na samu wani tudu mai hayaƙi. Na tona rami da guntun kwano, na saka tukunyar. Babu komai a cikinta, ku riƙe wannan. Ni na wanke ta da hannuna a gida. Na rufe ta da murfi, na tura toka a kai, na jingina wayar a jikin wata tsohuwar taya.

"Jama'a, barkanku daga tsibiri," na ce, ina kwaikwayon muryar Baba Elias. "Shawara ta farko, ku zo da hanci biyu, don ɗaya ba zai kai ku gida ba. Ga babban kifinmu can kwance," na nuna mushen akuyar. "Ga abincinmu na dahuwa a ƙasa. Yanzu kuma zan nuna muku tafkin ruwan zafi."

Na ga wani ɗan rami a gefen tukunyar, zagayayye, bakinsa sumul kamar an shafe shi da hannu. Na buɗe filas. Ruwan yanzu matata ta sauke shi daga wuta. Na tuttule shi duka a ciki don tururi ya tashi.

Ban yi bisimilla ba.

Tun ina yaro ake gaya mana kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, balle a bola, balle da Magariba, saboda akwai masu zama a wurin da ba ma gani. Na sani sarai. Bakina ne ya cika da barkwanci.

Wani abu ya yi ƙara a cikin ramin. Siririya, gajeriya, kamar ɗan kyanwa da aka taka.

Sai ta yanke.

Ƙudajen suka tashi gaba ɗaya. Ba watsewa suka yi ba, ɗaukewa suka yi. Na dubi akuyar, tsutsotsin sun daina motsi. Ban jin babura a titi, ban jin yaran unguwa. Numfashina kawai nake ji, da ɗigar ruwa daga bakin filas.

Warin ma ya canza. Na bolar ya ja baya, wani ya taso. Ƙarnin nama da aka zuba wa tafasasshen ruwa, irin na kaza kafin a fige ta.

"Sannu da aiki, baƙo."

A bayana take, a tsugune. Mace ce siririya cikin farin zane, fari tas, babu ko ɗigon datti a tsakiyar wannan ƙazanta. Ba ta ɗago kai ba. Ramin take kallo. Hannunta ɗaya na kan cinyarta, yatsun sun yi tsawo har sun wuce gwiwa.

Na buɗe baki in yi addu'a. Harshena ya yi nauyi kamar na wani.

"Ka ce wa mutanenka ana cin abinci a nan," ta ce a hankali. "Ya dahu."

"Baiwar Allah, wasa nake."

"Tono."

"Ba komai a ciki."

"Tono."

Na durƙusa. Ba ni na ba gwiwoyina umarni ba. Na share tokar. Murfin ya yi zafi, yana rawa, yana ƙwanƙwasa bakin tukunyar. Na ɗaga shi da gefen rigar sanyi.

Cike take.

Romo ne fari-fari mai yauƙi, kitse na yawo a kai. Naman ya yi fari, fatar ta saɓule ta naɗe a gefe. Ba kaza ba ne. Ba zomo ba ne. Wani yanki ya juyo a cikin romon, na ga 'yan yatsu. Ƙanana, dogaye, irin nata.



"Barci yake," ta ce. "Yanzu na kwantar da shi."

Ba kuka take ba. Da kuka take da na fi samun sauƙi.

Ta sa hannu cikin tafasasshen romon ba tare da ta ko ƙifta ba, ta yago tsoka kamar girman goro.

"Kai ka dafa. Kai za ka fara ci. In ya shiga cikinka, ka zauna a nan a madadinsa."

Na datse haƙora. Ta taɓa haɓata da ɗan yatsa ɗaya, mai sanyi kamar ƙarfe, bakina ya buɗe da kansa.

Ta saka.

Ba zan iya kwatanta muku ɗanɗanon ba, kuma ba na so. Santsi. Gishiri-gishiri. Ɗumi irin na jiki, ba na wuta ba. Na tura shi cikin kumatu na hagu, na danne da haƙoran ciki.

Abu ɗaya na riƙe a kaina: kada ya wuce. Ko romon. Ko miyau.

Ta ɗago kai. Idanunta ba su zo kan fuskata ba, wuyana suke kallo.

Akwai wani wasa da nake yi wa 'yan kasuwa, in sa kwabo a baki, in motsa maƙogwaro sama da ƙasa kamar na haɗiye, har a fara salati. Shekara talatin ina yin sa don a yi dariya.

Na yi mata shi.

Ba ta ɗauke ido daga wuyana ba.

Miyau na taruwa. Naman ya motsa a kumatuna.

"Buɗe in gani."

Na girgiza kai.

Ta miƙe tsaye. Ta ci gaba da miƙewa.

Daga sama haske ya faɗo cikin kwarin, da hon, dogo, ba ƙaƙƙautawa. Hamman ne ya juyo da fitilar babur. Ta kai hannu ta kare fuska.

Na ruga.

Ƙafata ta nutse cikin wani abu har idon sawu, na zare ta ba takalmi. Na faɗi da tafin hannu a kan famfas, na tashi. Kwalba ta yanke ni, ban ji ba. Bakina a rufe, kumatu cike, ina shaƙar hayaƙi ta hanci, ina jin tari na zuwa. In na yi tari na haɗiye.

A bayana ba gudu ake ba. Tafiya ake, a hankali, kuma tana matsowa.

Na kama gefen kwarin da farce. Hamman ya cafko hular rigar ya fizgo ni.

Ina taɓa kwalta na tofar. Na yi ta amai har sai da kumallo ya fito. Abin da na tofar yana nan cikin hasken fitila, fari, yana sheƙi. Muna kallonsa ya ja jiki, kamar tsutsa, ya kai bakin kwarin ya faɗa.

Sai a lokacin kunnena ya buɗe, na ji ashe har an tayar da salla a masallacin unguwa.

"Me ka ci?" in ji Hamman, da raɗa.

"Ban ci ba."

"Hau. Kada ka waiwaya, kuma kada ka jingina da ni."

Wayar da filas da tukunyar suna can, ban koma ba. Na yi wanka sau uku, na ƙona rigar sanyin. Matata ta kira wani malami ya yi mini ruƙiyya, ya ce in gode wa Allah da bai wuce ba. Da labarin ya kai kasuwa, Baba Elias bai yi dariya ba. Ya zo har gida da lemo, ya zauna ya dube ni, ya ce, "Zulki, da ka ce kana son zuwa, ai da na nuna maka hotuna." Tun ranar bai sake turo saƙon tsibiri ba, ni ma ban sake kwaikwayon muryar kowa ba.

A kwana na uku na gane akwai saura. Wani ɗan zare na naman ya maƙale tsakanin haƙorana biyu na can ƙarshe. Na sa tsinke, na sa zare, na sa aswaki har dasashi ya yi jini. Yana nan. Komai na sa a baki ɗanɗanonsa yake yi, har ruwa. Na koma kwana a zaune, da tsumma a baki, don kada ya zame ya wuce ina barci.

Na je asibitin haƙori na ce a cire. Likitar, wata Madam Jacinta, ta ce haƙorin lafiyarsa ƙalau. Na ce na ji, a cire. Da ya fito, sai ta ja takunkuminta sama, ta buɗe taga. Saiwar ta yi baƙi ƙirin, duk 'yan ƙofofi, zaren ya naɗe ta kamar an ɗaura da gangan.

Ta miƙa hannu za ta jefa shi a kwandon shara. Na riƙe ta.

"Madam, ina ake kai sharar nan?"

Ta ce ita ba ta sani ba, masu kwasa ke zuwa.

Na karɓe shi a cikin auduga. Duk sharar garin nan, ko ta wace unguwa ce, ƙarshenta bola, kuma ban san abin da matar nan mai farin zane za ta iya yi da haƙorina a hannunta ba. Binnewa ma na yi tunani, sai na tuna ƙasar ai tasu ce. Yana cikin gwangwanin madara a saman kabad, na naɗe da leda uku. Watansa bakwai ke nan.

Kowace Magariba nakan sa bayan hannu in taɓa gwangwanin. Har yau bai huce ba.