Ƙafa Tana Riƙe, Hannu Yana Yawo

"Me ya sa ka kashe min waƙa?"

Tun a mota tambayar take cin ta, amma sai da ta kwantar da Kurciya, 'yarsu mai shekara biyu, sannan ta furta.

"Wace waƙa kuma?" ya ce, yana kwance igiyar takalmi.

"Abban Kurciya, kar ka mayar da ni yarinya. Abokin aikinka yana buɗe ƙofar mota ka yi wuf ka kashe tawa, ka sa wannan kiɗan jaz ɗin naka."

"Shi irin abin da yake ji ke nan."

"Ni kuma irin abin da nake ji abin kunya ne?"

Ya cire takalmin ya ajiye gefe. Tun da aka ƙara masa girma a kamfanin zanen gine-gine ya dawo gida da ƙatuwar sifika da wannan kiɗa marar kai. Ya kan zauna ya lumshe ido yana gyaɗa kai, kamar mai jin sirrin da ita ba ta isa ta ji ba.

"Ranar Asabar da la'asar maigidanmu ya gayyace mu sauraron faya-fayensa," ya ce a hankali. "Ba sai kin je ba. Za ki gaji..."

"Matan sauran za su je?"

Ya kawar da kai, ta gane za su je.

Kwana uku ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauko tsintsiya ta ajiye, ta ninke kayan da ta riga ta ninke. Ba gayyatar ce ta dame ta ba. Tsoronta kada Kurciya ta tashi a gidan da uba ke ɓoye uwa.

A shagon ɗinki ta saƙala abin sauraro a kunne, ta ce ko za ta mutu sai ta gane kiɗan nan. Mai ƙaho ya tafi gabas, mai fiyano ya nufi yamma. Tana cikin bin su ta ɗinke hannun rigar wata mata da wuyanta.

Anti mai surfani, wadda suke raba shagon, ta ɗaga rigar tana dariya har da hawaye.

"Wannan matar ta kanta za ta fito da hannu? Ba ni in ji abin da ya haukata ki."

Anti ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Waɗannan faɗa suke yi ko kiɗa? Ƙanwata, in wayewa ce wannan, a bar ni a ƙauyancina."

Uwar Kurciya ta warware ɗinkin, idonta na zafi, ta koma kan kekenta na ƙafa. Wannan karon ta daina bin mai ƙahon, ta gaji da shi. Can sai ta lura ƙafarta ta kama wani abu. A ƙarƙashin hayaniyar akwai wata tsirkiya mai kaurin murya, tana tafiya dum... dum... dum... ba ta sauri, ba ta tsayawa. Daidai da fedar keken.

Ta ci gaba da takawa, hannunta yana juya yadi yadda ya so. Nan take mai ƙahon ya daina zame mata mahaukaci. Yawo yake yi, don ya san akwai mai riƙe masa hanya. Har sai da tsigar jikinta ta tashi lokacin da ya dawo.

Ranar Juma'a da yamma Abban Kurciya ya kunna sifikar ya lumshe ido. Tana tsaye da Kurciya a kafaɗa, ƙafarta na bugun ƙasa. Ta dubi kansa. Ta sake duba.

"Abban Kurciya... kanka ba ya tafiya da kiɗan."

Ya buɗe ido. "Me kika ce?"

"Kiɗan yana nan," ta buga ƙafa, "kai kana can. Tun ɗazu."

Ya yi kamar zai musa. Sai kafaɗunsa suka sauka, ya dafe fuska.

"Wata huɗu," ya ce. "Wata huɗu ina gyaɗa kai, wallahi ban ji komai ba sai ciwon kai. A ofis kowa na zancensa, ni kaɗai ne ɗan makanike a cikinsu. Su zan iya ruɗar su. Ke kuwa kallo ɗaya za ki min ki gane. Shi ya sa na ce ki zauna."

"Shi ne ka bar ni ina tunanin ni ce abin kunyar?" Muryarta ta karye. "Ka san abin da na ji a motar nan?"

"Na sani. Ki yafe min, Zumata."

Rabon da ya kira ta haka tun kafin sifikar ta shigo gidan.

Ta goge ido da bayan hannu, ta miƙa masa Kurciya, ta janye mayafin tsohon kekenta da ke lungun falo.

"Zauna. Ɗora ƙafa nan, kusa da tawa. Bar mai ƙahon nan, zai dawo da kansa. Nemi na ƙasan."

Ya taka, feda ta koma baya, zare ya tsinke. Kurciya ta ƙyalƙyale da dariya tana tafi.

"Ka ga, ita ma ta fi ka."

Ya sake takawa. A karo na huɗu ƙafarsa ta bi tata, ya ɗago da ido a buɗe kamar wanda aka kunna wa fitila.

"Gobe za ki zo?" ya tambaya.

"Zan zo. Amma a mota waƙata za a ji, tun daga ƙofar gida har ƙofar maigidanka."

"Ko da abokin aikina ya shigo?"

"In ya shigo," ta ce, ƙafarta ba ta bar feda ba, "kai za ka ƙara murya."