Baƙar Maraƙa a Farin Garke

"Wa ya kwance bijimin?"

Na bi mutanen gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Farar saniyar da na yi wa allurar iri jiya da yamma tana tsaye a tsakiyar garke, bijimin gidan yana gefenta yana lasar baki kamar wanda ya ci bikin da ba a gayyace shi ba.

"Shafa'atu... wallahi da hannuna na ɗaure shi," Lawwali ya faɗa.

Na san bai yi ƙarya ba. Na kuma ga Rabo, yayan Lauratu, ya jingina da dalbejiya yana kallon sama. Lauratu ɗiyar ƙanin Alhaji Gide ce, mahaifin Lawwali, kuma kowa a Damari ya san ita dangi suke so ya aura.

Ni 'yar Ƙanƙara ce, likitar dabbobi. Shekara shida ina bincike kan abin da ke hana shanunmu haihuwa, da yadda za a sa musu irin bijimi da allura su ɗauki ciki. A garken su Lawwali na fara, yana riƙe min ƙaho ina aiki, har na wayi gari shi ne riƙe da zuciyata. Da maganar aurenmu ta isa kunnen Alhaji, amsarsa ɗaya ce.

"Macen da ke cusa hannu cikin saniya har kahwaɗa ba ta tuƙa tuwon gidana."

Lawwali ya yi ta roƙo har tsohon ya gaji, ya nuna farar saniyar nan ta marigayiya mahaifiyar Lawwali, saniyar da ta shekara huɗu ba ta haihu ba.

"In allurarta ta sa wagga juya ta haihu, na yarda."

Wata uku na yi ina jinyar mahaifarta kafin na sa mata irin. Sharaɗina ɗaya ne: kada bijimi ya kusance ta kwana uku. Ko kwana ɗaya ba a cika ba.

Bayan wata biyu na duba ta. Ciki ya shiga. Na ɗago ina dariya, hawaye na zuba, hannuna duk kashin shanu.

"Alhaji, ta ɗauka!"

"To, madalla da bijiminmu," ya ce.

"Baba, shekara huɗu yana tare da ita bai..."

"Lawwali, da kai nike magana?"

Na ce, "Alhaji, shanunka duk farare ne. Irin da na sa mata na baƙin bijimi ne. A jira ta haihu, launin ɗan zai raba gardama."

"Ɗiyata, ni na ba ƙanena rana. In an yi girbin dawa za a ɗaura aurenai da Lauratu. Ban iya ce mashi ya jira saniya."

Girbi saura wata huɗu, haihuwa saura bakwai. Na iya sa juya ta ɗauki ciki, amma duk karatuna bai koya min rage wa ciki kwana ɗaya ba.

Lawwali ya rako ni bakin mota, yana ɗauke da tulun sanyin da nake ajiye irin.

"Abar ƙaunata, ki ce wani abu..."

"Me zan ce? Ka saɓa wa mahaifinka?"

"In kin ce in yi..."

"Ba zan ce ba."

Na so ya yi ba tare da na ce ba. Shi kuma ya so in ce. Haka muka tsaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa, har direba ya danna hon.

An ɗaura bayan girbi. Ranar ina wani garke a Faskari, na duba shanu goma sha ɗaya ban san me na rubuta ba. Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba, irin ciwon da ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Wata uku bayan nan aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Alhaji Gide ne da kansa, tsaye kusa da motar ɗaukar kaya. A bayanta farar saniyar ce, da maraƙa baƙa wuluk tana laluben nono.

Ya daɗe yana gyara hula.

"Dakta," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba. "Mutanen Mabai da na 'Yargoje sun zo sun gani. Kowa na son ki zo garkenai. Ni kau... na kawo maki su. Naki ne."

Na shafa bayan maraƙar, gashinta laushi kamar auduga. Yau a ƙananan hukumomi uku ana kiran irinta 'ya'yan Dakta, sun fi ɗari biyu.

"Lawwali fa?" na tambaya.

Tsohon ya kalli ƙasa.

"Shi ya karɓi haihuwar. Da ya ga launinta ya zauna cikin garke, har azahar bai tashi ba."