Linzamin Hannun Dama

Siraran hannayen Tautau suka sauko a hankali kan Sallau, wanda ke kwance cikin barcin allura. Tautau na'urar tiyata ce a babban asibitin Birnin Rimaye, kuma Dakta Hansatu Gwaram ce ta ƙera ta. Ta wata 'yar ƙofa da aka huda a ƙarƙashin hamata, hannunta ɗaya ya kutsa cikin ƙirji, ya lalubo jijiyar da ke ba tafin hannu umarnin yin gumi, ya maƙala mata wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar gero ba. Ya koma ɗaya ɓangaren ya yi haka. Wannan ɗan ƙarfe shi Dakta ta raɗa wa suna linzamin jijiya.

Sallau ya ga ta kansa da gumi tun yana yaro. Ko a lokacin sanyi tafukansa ɗiga suke yi. Ya shafa alif da magunguna har fatarsa ta tsage. Ya sha tsoma hannu a kwanon ruwa mai ɗan lantarki. Ya yi allurar da ke busar da hannu na 'yan watanni, gumin ya dawo kamar ya je hutu. A tashar jirgin igiya, mai ɗaukar fasinja a kan waya ta sama, inda yake aikin gyara, kullum cikin safar hannu yake. Amma a masallaci ba a musabaha da safa, kuma babu abin da ke ci masa rai irin ya ga mutum ya saki hannunsa ya goge nasa a jikin riga da dabara.

A da, likitoci yanke jijiyar suke yi gaba ɗaya. Hannu ya bushe, gumin kuma ya yi ƙaura zuwa baya da cinya, mutum ya rasa hanyar komawa. Hansatu ta ƙi yarda da wannan ciniki. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin gwaji har ta samo abin da zai riƙe jijiya ba tare da ya kashe ta ba. Mace ce marar yawan magana, amma aikinta duk wanda ya gani sai ya jinjina.

Da Sallau ya farka, ya daɗe yana murza tafukansa, bai yarda nasa ba ne. Ranar Juma'a kuwa sai da ya gaisa da sahu guda cur, har da waɗanda bai sani ba. Daga nan ya hau jirgin igiya zuwa tsohon gari don Innarsa ta sa albarka.

Inna Kulu ta makance, tunaninta ma ya fara zuwa yana komawa. Murya kuwa ta daina yarda da ita, tun ranar da ta gane cewa na'urar jinyar da ke ɗakinta tana kwaikwayon muryoyin 'ya'yanta don ta lallashe ta ta sha magani. Hannu kawai take gaskatawa. Shi Sallau ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, Raɓa take ce masa. In ya durƙusa gaishe ta, takan kama hannunsa na dama, ta goge tafin da bakin zanenta, ta jira. Da damshin ya sake tsattsafowa sai fuskarta ta washe.

Ranar ma ta kama, ta goge, ta jira. Shiru. Ta sake gogewa.

"Ladidi," ta kira ƙanwarsa da ke kula da ita, "wane ne wannan baƙon?"

"Haba Inna, Yaya ne fa!"

"Ke, kada ki raina mini hankali. Ba shi ruwa ya sha, ya kama gabansa."

Sallau ya yi ta zarya. Har ya taɓa tsoma hannu a randa kafin ya shiga, tsohuwa ta goge sau ɗaya ta ce yaran zamani ba su da ta ido. Abin da ya fi ƙona masa zuciya shi ne, yana durƙushe a gabanta za ta juya tana tambayar Ladidi ko Raɓa fushi yake da ita da ya ɗauke ƙafa. Ta rage cin abinci, ta koma zaman jiran ɗan da ke gabanta.

Ya koma wurin Dakta ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta ajiye abin da take yi ta saurare shi har ƙarshe.

"Malam Sallau, linzamin yana kwancewa, don haka na yi shi," in ji ta. "Amma jijiya ba famfo ba ce da za a riƙa buɗewa ana rufewa. In na saki, ba za ta sake karɓarsa ba har abada. Sai dai kowane hannu da nasa. Me zai hana mu kwance na hagu, ka tsira da na musabaharka?"

Sallau ya ɗago ya dube ta. "Ranki ya daɗe, in miƙa wa mahaifiyata hagu?"

Kunya ta kama Hansatu. Ta san jijiyoyin ƙirji kamar hanyar gidansu, amma wannan ya shige mata.

"Ka yi gaskiya, ka yafe ni," ta ce. "Ka dai san abin da za ka koma ciki?"

"Na sani, Dakta. Su goge hannunsu a riga, Allah ya ba su sabulu."

Ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma kare ƙirƙirarta ba, ko da yake a ranta ta ji ciwon warware aikin da ya yi kyau haka. Ita da kanta ta ja ragamar Tautau, ta cire ƙwayar ƙarfen ɓangaren dama ba tare da ta ƙwarzani jijiyar ba. Daga baya ta ƙara tambaya ɗaya cikin waɗanda take yi wa duk mai neman linzami: a gidanku, wa ya san ka da wannan gumin?

Da Sallau ya warware, ya nufi tsohon gari da hantsi, hannun hagu a bushe, na dama yana naso. Ya tarar da Inna a kan tabarma, kwanon kunu a gefe ko taɓawa ba ta yi ba. Ya durƙusa, ya miƙa hannu.

Ta kama. Ta goge da bakin zane. Ta jira, yatsunta a tsakiyar tafinsa. A hankali damshin ya taso, mai ɗumi, ya jiƙa mata yatsu.

Tsohuwa ta damƙe hannun da nata biyu.

"Raɓa! Ina ka shiga haka? Wani mutum ya yi ta zuwa nan yana cewa shi ne kai."