Rumfa ta Bakwai a Gidan Embong

Ana shirin kiran magariba, Mek Som tana suyar kifi, dutse na farko ya sauka a kan kwanon gidan. Jiƙaƙƙe ne, da gansakukar teku a jikinsa. Kwana tara ana wannan jifa, kullum da faɗuwar rana, ba a ga hannun kowa ba.

Ita dai ta san dalili, kuma takaici kamar ya kashe ta. Rumfuna bakwai kakan Embong, mijinta, ya kafa a bakin rairayi, inda ake jawo kwale-kwale idan iskar damina ta taso. Shida na jirage ne. Ta bakwai kuwa ba a sa mata ƙofa, ba a ajiye ko igiya a ciki, haka aka gada. Da masu zuwa hutu suka cika garin, Embong ya mai da shidan ɗakunan kwana. Mutumin nan bai ƙoshi ba, sai da ya shafe ta bakwai da fenti, ya sa mata ƙofa, ya danna mata kwaɗo. Da ta yi magana ya ce tsoron tsofaffi ne ke damunta.

Rana ta goma jifan ya tsaya, gidan ya yi tsit. Sai suka tarar da 'yarsu Rohani a ƙofar rumfar, tana buga goshinta a katako a hankali, jini har haɓa.

Aka ɗauko Tok Long, tsohon malamin da ke fama da irin wannan. Ya yi alwala, ya zauna, ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta buɗe baki da muryar tsoho, mai kaushi. Aljanin ya ce shekara tamanin yana zaune a rumfar nan da yardar kakan, shi ne tsakanin rairayin da igiyar ruwa. A cire kwaɗon kawai, ya saki yarinya, a koma yadda ake.

Mek Som ta kama rigar mijinta. "Abang, maigida, ɗaki ɗaya ne fa. Ka bar masa."

Embong ya fizge, idanu jajur. Ya ce shi ba zai raba gadon kakansa da wanda ya fasa goshin 'yarsa ba. "Tok, kore shi gaba ɗaya. Ya bar yarinyar, ya bar bakin ruwan."

Tok Long ya dube shi, ya tambaye shi ko ya ji abin da aka faɗa da kyau. Ya ce ya ji.

"To, na tafi," in ji muryar. "Sai ka tare ruwan da kanka."

Rohani ta sulale ƙasa, ta farka tana neman ruwan sha. Ta warke sarai.

Da damina ta zo, cikin kwana uku teku ta cinye rairayin, ta kwashe rumfunan duka, ta tsaya a gindin matakalar gidan. Har yau Embong yana nan yana jera buhunan yashi, ruwa na janyewa. Mek Som ba ta taɓa kama masa ko buhu ɗaya ba.