Jan Wuri a Taswirar Haula

"Gidan kifi, Haula? Gidan kifi kika ce!"

Haula ta tsaya cak a bakin zauren jami'ar Ngaundare ta ƙasar Kamaru, furannin da ƙawaye suka ba ta na hannunta. Yanzun nan ta gama kare aikinta na digiri na biyu a fannin lissafi, har malamai suka miƙe suna tafa mata. Shekaru ta yi tana bin kogin Binuwai da alƙalami. Yawan ruwan sama na damuna, tudu da kwarin Garwa, ruwan da ake sakowa daga madatsar Lagdo, duk ta zuba su cikin lissafi har suka haifi taswira. Inda ta shafa kore lafiya lau, inda ta shafa ja kuwa ambaliya na nan tafe.

Da wata farfesa ta tambaye ta game da wani jan wuri gabas da gada, sai daɗin baki ya ɗebe ta. Ta ɗora yatsa ta ce duk wanda ya yi gini a nan, kifi ya gina wa. Zaure ya kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Hanzala ne, saurayinta, ɗan kasuwar albasa, wanda bikinsu saura 'yan makonni.

"Masoyina, wasa fa na yi..." in ji ta. "Me ya yi zafi haka?"

"Inda kika ɗora yatsan nan, nan ne gidanmu."

"Wane gida?"

"Gidan da za a kai ki!"

Furannin suka zube ƙasa. Innalillahi! Ita dai ta san yana gini, amma wace budurwa mai kunya ce za ta tambayi saurayi inda za a kai ta? Shi kuma ya ce sai ranar tarewa za ta gani da idonta. Ashe goggonninta har sun je sun auna labule. Kowa ya san gidan sai ita, mai taswirar garin gaba ɗaya!

"Lambun marigayi babana ne," in ji shi. "Bulo da bulo na tayar da shi saboda ke, da kuma Inna da za ta zauna da mu. Kika sa mutane suka yi mini dariya da faransanci."

"Wallahi ban sani ba, Hanzala..."

"Hanzala, rage murya."

Inna Kaltumi ce, mahaifiyarsa, ta dogaro sandarta. Duk da ciwon gwiwa ta yi doguwar tafiyar mota don ta ga ranar surukarta. Haka take kiran sunansa kai tsaye, ba ta sakayawa kamar yadda iyaye mata ke yi wa ɗan fari. Haula ta sha tsokanarsa da cewa shi kaɗai ne ɗan farin da aka yi wa rowar kunya a duk Garwa. Yau kam babu tsokana. Idanun Inna sun yi jawur, ko kallon Haula ba ta yi ba.

Da suka koma gida a unguwar Pumpumre ta Garwa, Alhaji Shu'aibu bai bari 'yarsa ta cire mayafi ba.

"Boko na sa ki, ban sa ki tozarta surukai ba. Gobe ki je ki durƙusa gaban Hajiya Kaltumi, ki ce lissafin ne ya yi kuskure."

"Baba, bai yi kuskure ba."

"Ke kika halicci kogin?"

"A'a, Baba, amma..."

"To ruwa na Allah ne! Na ba da ke, ba zan zama ƙaramin mutum ba. In kin bari auren nan ya watse a kan takarda, ni da ke ne."

Washegari Haula ta wuni tana sake lissafin tun daga farko, tana addu'ar Allah Ya sa ta yi kuskure. Kai, duniya! Ɗalibar da aka yi wa tafi jiya, yau roƙo take a ce ba ta iya ba. Ta sauya wannan, ta rage wancan, jan wurin yana nan daram. Tana son Hanzala son da ba ta iya aunawa, kuma a ranar ta tsani ilimin nan kamar ta yi ihu.

Da la'asar ta isa tsohon gidansu Hanzala. Inna na kan tabarma tana tsinar zogale, shi kuma yana jingine da bango ya kau da kai. Haula ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, na zo ba da haƙuri. Bakina ya yi kaifi."

"Na yafe, 'yata."

"Baba ya ce in ce..." Sai ta sunkuyar da kai.

Hanzala ya juyo da sauri. "Ki faɗa mana, zuciyata. Ki ce kuskure ne, shi ke nan komai ya wuce. Don Allah..."

Ta dube shi, hawaye suka zubo.

"Ba zan iya ba. Ban san ranar ba, ban san shekarar ba, amma ruwan zai zo, kuma ba sallama zai yi ba. Ni in ka ce in shiga gidan nan, wallahi zan shiga, in dai kana ciki. Ni da kai za mu iya gudu. Inna fa?"

Idonsa ya sauka kan sandar da ke gefen tabarma.

Inna ta ture tiren zogalen a hankali.

"Yarinyar nan ba ta yi kuskure ba."

"Inna, ke ma?"

"Kai ba ɗan farina ba ne, Hanzala."

Haula ta ji kamar an ɗauke iskar tsakar gidan. Hanzala ya zame daga jikin bango ya zauna a ƙasa.

"Me kika ce, Inna?"

"Ka taɓa jin na sakaya sunanka? Kana da yaya mace. Muna amarci babanka ya yi mana bukka a lambun nan. Wata damuna ina shanya, tana barci a ɗaki, ko yaye ta ban yi ba. Ruwa ya shigo ta bayan giginyu. Kafin in kai ƙofa ya kai mini ƙirji." Ta share ido da gefen zane. "Ko zanen goyonta ba a samu ba. Babanka ya hana kowa ɗaga zancen har ya koma ga Allah."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kina kallo ina gini a wurin, Inna? Kina kallo?!"

"Ina kallo. Ba ta da kabarin da zan tuna ta da shi, sai wurin nan. Da ka ce a can za mu zauna, na ce a raina Allah Ya kawo ni kusa da ita. Na ce ai an yi madatsa, ruwa ya yi hankali. Sai jiya na ga yatsan Haula a kan taswira, daidai inda na shimfiɗe ta."

Haula ta rarrafa ta faɗa jikin tsohuwar, suka rushe da kuka tare. Shekaru tana kallon wurin a matsayin ɗigon ja, ba ta taɓa tunanin akwai jaririyar wani a ƙarƙashinsa ba.

Hanzala ya daɗe kansa na cikin gwiwa. Da ya ɗago, hannu ya sa a aljihu ya ciro makullan sabon gidan ya ajiye gaban Haula.

"Gidan can ya zama rumbu, albasa ce za ta kwana a ciki da rani. Ke kuma sai dai ki yi haƙuri da tsohon ɗakina, abar ƙaunata. Yana yoyo ta kusurwa ɗaya."

"A kore yake a taswira," in ji ta, tana dariya cikin kuka. "Tun jiya na duba."

"Alhaji Shu'aibu kuwa ku bar ni da shi," in ji Inna. "Ba a fasa komai ba."

Hanzala ya matso kusa da tabarmar, ya yi ƙasa da murya kamar yaro.

"Inna... yaya sunanta?"

Sunan 'yar fari ne, ko tana raye Inna ba za ta faɗe shi ba. Ta kamo hannunsa, ta kamo na Haula, ta haɗa su a cinyarta.

"Zahra," ta ce. "Kogin ya ci ɗaya, ya ishe shi."